Daga gulbin 1945 zuwa ruwan 2024

Yawancin yaran da nake koyarwa suna zaton Maraɗi ta daɗe a inda take. Alhali Katsinawan da suka kafa sarautarsu a nan farkon ƙarni na 19 cikin fadamar gulbi suka zauna, inda kurmi ke kare su daga mahara. A 1945 gulbi ya cika ya cinye garin, Faransawa suka maido mutane bisa tudu, suka yanka tituna miƙaƙƙu. Tsarin tsakiyar garin da muke gani yau ambaliya ce ta haife shi.

A wancan zamani sararin sama ake dubawa. Dattijo ya ga hadari ya haɗu a gabas, iska ta tsaya cak, sai ya ce a ɗaure bisashe, a kira yara. Ilimi ne na gaske, amma bai isa ga gulbinmu ba, don daga ƙasar Katsina yake gangarowa: yana iya cika alhali ko ɗigo bai sauka a Maraɗi ba.

Fari ne ya kawo mana awon zamani. An kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974, bayan yunwar shekarun nan, kuma tana cikin masu fitar da hasashen damina kowace shekara. Kogin Isa ma an sa masa ma'auni a Yamai: santimita 530 gargaɗin farko, 580 na biyu, 620 jan gargaɗi. A Satumba 2020 ruwa ya kai kimanin 700, ya fasa shinge, ya shiga Lamorde.

Sai 2024. Tun kafin shuka masana suka ce damina za ta yi ruwa fiye da kima. Ranar 30 ga Agusta aka zuba wa Maraɗi wajen milimita 150 cikin awa ɗaya da rabi, gidajen laka suka zube, aka rasa rayuka. Kwanaki kaɗan bayan haka tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya rushe. Mu malamai mun gani a azuzuwanmu: waɗanda gidajensu suka faɗi cikin lakkol aka tsugunar da su, gwamnati ta ɗaga komawa karatu daga 2 zuwa 28 ga Oktoba.

A ganina ba rashin gargaɗi ne ya cuce mu ba. Ana faɗar hasashe da milimita, sau da yawa da Faransanci, ga uwar da abin da take so ta sani shi ne ko ta fitar da yara daga ɗakin da bangonsa ya jiƙe, kuma ta kai su ina cikin dare. Ga magudanan ruwa cike da leda da yashi. Ga filayen da aka sayar a kan hanyar ruwa, wasu ma can gangare, wajen fadamar da kakanninmu suka baro a 1945.