Sarautar Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu

A watan Yulin 1903 aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi, watanni kaɗan bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno, ya tsira da ransa, ya tattara waɗanda suka rage, suka ci gaba da hijira zuwa gabas da niyyar Makka. Malamai ne da almajirai da mata da yara, a ƙasa, ta Barno da Wadai da Darfur, har Allah ya sauke su a gaɓar Shuɗin Nilu a Sudan. Sun fara zama a Shaikh Talha, sannan wajen 1906 suka haye zuwa gaɓar yamma, kudu da Sannar, suka sari daji suka kafa garin da har yau ake kira da laƙabinsa.

Mai Wurno mutum ne mai hangen nesa. Turawan da suka kashe mahaifinsa su ya tarar suna mulki a Sudan, amma bai ɗauki makami ba. Ya nemi ƙasar noma, aka ba shi, ya riƙa rarraba ta ga duk ayarin da ya iso daga yamma. Fulani, Hausawa, Barebari, alhazan da guzuri ya ƙare musu, kowa ya san in ya kai Mai Wurno zai sami masauki da gona da masallaci. Daga nan ƙauyuka suka yi ta tsira a bakin kogin, kowanne da shehunsa, amma shari'a da haraji da sulhu a fadar Sultan Mai Wurno ake yanke su.

Zamanin da dattawa suka fi tunawa shi ne bayan 1925, lokacin da aka kammala madatsar Sannar aka buɗe gonakin Jazira. Auduga tana son hannu, mutanenmu kuwa ba su tsoron aiki. Wasu suka sami hawasha tasu, wato gonar haya, da yawa suka yi tsinta, kuɗi ya shigo gari, makarantun allo suka cika. A lokacin, mudiriyar Shuɗin Nilu, wato lardin, mai hedikwata a Wad Madani, ta haɗiye ƙasar Funj da ke da cibiya a Sinja, don haka ƙauyukanmu na Jazira da na kudu suka dawo ƙarƙashin mudir guda. Mai Wurno ya rasu a 1944, ɗansa Muhammadu Tahir ya gaje shi.

An sha fama da batun takardar zama ɗan ƙasa bayan 'yancin 1956, kuma gwamnatin Numeiri ta soke mulkin gargajiya a farkon shekarun 1970. Wannan ya shafi kowane nazir da omda, wato sarakunan gargajiya, a ƙasar, ba sarautar Mai Wurno kaɗai ba, jama'a kuma ba su daina kai ƙara fada ba. A 1994 aka sake tsara jihohi, Jazira da Sannar da Shuɗin Nilu kowacce da gwamnanta, Mai Wurno ta faɗa Sannar.

Yau dangi ɗaya sun rabu a jihohi uku, yaƙin da ya ɓarke a 2023 kuma ya raba dubbai da gidajensu. Mutumin da ya dawo ya tarar an shiga gonarsa, ko takardunsa sun ƙone, yana bukatar wanda ya san kakansa da iyakar filinsa, kuma fadar Mai Wurno ce ta san su. Ya kamata hukumomin jihohin uku a Sinja da Wad Madani da Damazin su sa ta a cikin duk kwamitin da za su kafa na mayar da mutane ƙauyukansu.