Tarihin Gwajin Alajin Gyaɗa da Ƙwayoyin Itatuwa

Alaji, wato tawayen da garkuwar jiki ke yi wa abin da ba ya cutar da sauran mutane, wanda kan bayyana da borin jini ko kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi, bai samu wannan suna ba sai a 1906, lokacin da Clemens von Pirquet, likitan yara a birnin Biyana, ya raɗa masa shi. Gwajin fata kuwa ya girmi sunan, domin tun a littafinsa na 1873 Charles Blackley na Mancesta ya bayyana yadda ya yi wa kansa 'yar tsaga ya shafa ƙurar furanni, wurin ya tashi. A 1912 Oscar Schloss ya yi amfani da wannan dabara a Amurka a kan abinci, a jikin wani yaro da ƙwai da ƙwayar almon ke tayar wa cuta.

Abin da ke haddasa kumburin ya ci gaba da ɓuya har zuwa tsakanin 1966 da 1967, sa'ad da Kimishige Ishizaka da matarsa Teruko a Denba, da kuma Johansson da Bennich a Uppsala ta Suwidin, suka gano sinadarin garkuwa da aka sanya wa suna IgE, wanda shi ne ke kama baƙon furotin ya tayar da ƙwayoyin jiki. Daga nan aka samu gwajin jini, sai dai sauƙin ya zo da nasa ruɗani, kuma babu inda ruɗanin ya fi fitowa fili kamar tsakanin gyaɗa da ƙwayoyin itatuwa. Gyaɗa dangin wake da gurjiya ce, a ƙarƙashin ƙasa take 'ya'ya, ba ta haɗa zuriya da yazawa ko almon ko walnot ba, amma duk da haka jinin mai alajin gyaɗa yakan amsa ga waɗannan ƙwayoyi a ɗakin gwaji, saboda wasu furotin nasu sun yi kama da juna ta yadda IgE kan ɗauki wannan a matsayin wancan. Shekaru da dama likitoci suna bin hanyar gudun abin da ka je ya zo, su hana majiyyaci dukkan ƙwayoyin gaba ɗaya, alhali da yawa daga cikin waɗanda aka hana suna iya cin su lafiya lau.

Gyara na farko ya zo a 1976 daga Charles May a Denba, wanda ya tsara gwajin ciyarwa a ɓoye, inda ake bai wa majiyyaci abincin da ake zargi ko wani makamancinsa marar komai, kaɗan-kaɗan a gaban likita, ba tare da shi ko likitan sun san wanne aka ba shi ba. Wannan gwaji yana cin lokaci, yana kuma da haɗari, amma har yau shi ne mai yanke hukunci.

Gyara na biyu shi ne rarrabe furotin ɗin ɗaya bayan ɗaya. Wesley Burks da abokan aikinsa sun ware Ara h 1 a 1991, sannan Ara h 2 a 1992, sunayen da aka gutsuro daga Arachis hypogaea, sunan gyaɗa a kimiyyance. An fahimci cewa amsa ga Ara h 2, wanda ke jure wuta da narkewar ciki, ita ce ta fi nuna alaji na haƙiƙa, yayin da Ara h 8 kama kawai ya yi da furotin ƙurar furen Betula, wata bishiyar ƙasashen sanyi, kuma galibi ba ya wuce ƙaiƙayin baki. Ta wannan hanya ya tabbata cewa dangantaka mai ƙarfi tana tsakanin 'yan gida ɗaya ne, wato yazawa da fistashiyo, waɗanda suka haɗa zuriya da mangwaro, sai kuma walnot da fekan. Wanda ke da alajin gyaɗa da na yazawa a lokaci guda sau da yawa larura biyu ce daban-daban ta same shi, ba guda ce ta yi rassa ba.

Afirka ta Yamma ta ƙara wani babi da likitocin ƙasar Hausa, inda ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa ke cikin abincin yau da kullum, ya kamata su riƙe. Binciken da Abena Amoah da abokan aikinta suka wallafa a 2013 a kan 'yan makaranta a Gana ya nuna cewa yara da yawa jininsu ya amsa ga gyaɗa alhali suna cinta ba tare da wata matsala ba, kuma an danganta hakan da tsutsar tsargiya, wadda ke ɗauke da wasu sassan sukari masu kama da na tsirrai. Saboda haka a yankin da tsargiya ta yawaita, sakamakon gwajin jini shi kaɗai bai isa hujjar hana yaro gyaɗa ba.