Haƙuri Daban, Yarda Daban: Labarin Musulmi a Kumasi

Bismillahi. Ya 'yan'uwa mazauna zango, akwai abubuwa biyu da mutane ke gama su wuri ɗaya, alhali kuwa kowane da inda ya dosa. Na fari shi ne mutum ya yi haƙuri da addinin maƙwabcinsa, ya bar shi ya yi ibadarsa lafiya. Na biyu shi ne ya yarda addinin nan gaskiya ne, har ya shige shi. Tarihin ƙasar Tonawa, watau Asanti, ya isa ya nuna mana bambancinsu.

Sa'ad da Baturen nan Bowdich ya zo Kumasi a 1817, Dupuis kuma a 1820, sun tarad da Musulmi zaune kusa da fada, a zamanin Sarki Osei Bonsu. Malamai ne ke rubuta wa sarki wasiƙu da Larabci, su ne ke yi masa addu'a, layunsu ne ake ɗinkawa jikin rigunan yaƙi. Fataken goro kuma suna ta kai da kawowa tsakanin Salaga da ƙasar Hausa. Ba a hana kowa salla ba.

To, amma fa kafin wannan an yi Sarki Osei Kwame, wanda zuciyarsa ta karkata ga Musulunci. Manyan ƙasa suka ga idan sarki ya musulunta, ba wanda zai tsaya wa kujerun kakanni da bikin Odwira, sarauta kuwa a kansu ta dogara. Wannan yana cikin dalilan da suka sa aka tuɓe shi, wajen shekara ta 1800. Ashe dai fadawa suna son alƙalamin malam, amma ba su yarda sarkinsu ya bi shi salla ba.

Malaman Wangara na lokacin ba su ɗauki wannan abin faɗa ba, domin sun tashi bisa koyarwar Alhaji Salim Suwari, cewa shiriya ta Allah ce, aikin Musulmi a ƙasar da ba tasa ba shi ne neman ilmi da kyakkyawan hali. Sun zauna da masu tsafi da amana, ba su kuwa yi tsafi ba.

Saboda haka wanda ya ba mu wurin gina masallaci ya cika haƙƙin maƙwabtaka, kada mu ƙullace shi don bai shiga sahu ba. Mu ma in mun gai da shi ranar bikinsa, ba mu sayar da addininmu ba. Allah ya zaunar da mu lafiya, amin. Wassalamu.