Daga dusar katako zuwa kwalba: tarihin turare mai ƙamshin sabon itace

Duk wanda ya taɓa ratsa layin masassaƙa a Maraɗi ko a Damagaram, a lokacin da gizago yake cin kirya ko zarto yake keta katako, ya san wani ƙamshi da ke tashi daga jikin itacen da aka buɗe yanzun nan. Ƙamshi ne mara daɗewa. Kafin la'asar iska ta tafi da shi, yaron shago kuma ya share dusar ya zubar. A wurinmu ba haja ba ce. A Turai kuwa akwai masu haɗa turare da suka ɓata shekaru suna neman hanyar kulle wannan ƙamshi cikin kwalba, kuma wanda ya fi shahara cikinsu a kasuwar kafintocin Marakesh ya tsinto shi.

Kalmar da Faransawa ke kiran turare da ita ta fito ne daga Latin, ma'anarta « ta hanyar hayaƙi ». Mu ma idan muka ce turare, garwashi da hayaƙi ne ke fara zuwa a rai. Dubban shekaru mutane sun fi sanin ƙamshin itace ta hanyar ƙona shi, ko ta zama cikin ɗakin da aka rufe da shi. Fir'aunonin Masar suna aika jiragen ruwa zuwa gaɓar Labanon don ɗauko itacen al'ul, wanda Larabawa ke kira arz. A shekarar 1954, da aka buɗe wani rami a gindin dalar Giza, an tarar da jirgin sarki Kufu a kwance gunduwa-gunduwa, mafi yawansa na wannan itace, bayan shekaru kimanin 4.500 a ƙarƙashin dutse. Amma hayaƙin itace daban, ƙamshin itacen da aka yanka daban. Na biyun ba ya kamuwa sai da tururi: a niƙa itacen, a dafa shi cikin tukunyar ƙarfe, a sanyaya tururin, mai ya taso a saman ruwa.

Sandal ne ya fara shiga kwalbar Turawa da daraja. A 1792 Tipu Sultan, sarkin Maisur a kudancin Indiya, ya mai da shi itacen sarauta, ba mai sare shi sai gwamnati. Daga baya akan yi jigilar gungumensa zuwa Jamus a tatse mansa a can, har yaƙin duniya na farko ya toshe hanyar, masarautar Maisur ta gina nata masana'antun tatsa a 1916 da 1917. Da irin wannan mai ne Ernest Beaux, mutumin da ya haɗa Chanel N°5, ya yi Bois des Îles a 1926. Sai dai sandal ƙamshinsa mai laushi ne, kamar an zuba masa madara. Ba ya tuna wa mutum shagon kafinta. Kuma bayan wannan gwaji itace ya koma matsayinsa na da, wato harsashin da ake ɗora furanni a kansa. Idan ya fito fili, sai a ce turaren maza ne.

Man da ke da ainihin ƙamshin dusa kuwa yana nan, amma ba a ganinsa da gashi. Ana samunsa daga wani jan itace na gabashin Amurka wanda aka daɗe ana yin fensir da akwatunan ajiyar tufafi da shi. Dusa da ɓaraguzan masana'antu ake tattarawa a tatsa, saboda haka yana da araha, kuma sabulu da man goge katako suka fi cinye shi. Ɗan makarantar da ya taɓa fiƙe fensir ya kai hancinsa ga ɓawon ya san danginsa. Wane ne zai biya kuɗi mai yawa don ya yi ƙamshin abin da ake sharewa?

Serge Lutens, haifaffen Lille a 1942, ya fara ne da gyaran gashi, sannan ya yi suna wajen tsara kayan kwalliya ga kamfanin Dior. A 1968 ya je Maroko karo na farko. Ya sha ba da labarin yadda ya tsinci wani guntun al'ul a kasuwar masu aikin katako, ya riƙe shi, ya ƙudurta a ransa cewa wata rana zai yi turare da shi. A 1974 ya sayi gida a tsohon birnin Marakesh. Al'ul ɗin da ya tsinta na tsaunukan Atlas ne, ɗan'uwan na Labanon, wanda dazuzzukansa suka fi yawa a kewayen Azru da Ifran. Maginan Maroko sun daɗe da saninsa. Makarantar Attarin ta birnin Fas, wadda aka gama a 1325, da makarantar Bin Yusuf ta Marakesh, ta wajen 1565, duk da shi aka sassaƙa rufinsu da ƙofofinsu, don ba ya saurin ruɓewa kuma ƙwari ba sa son sa. Mansa ya fi na Amurka zaƙi da nauyi, yana da ɗan gafi kamar na fatar da aka jeme.

Alƙawarin bai cika ba sai bayan shekaru 24. A 1992, lokacin yana aiki da kamfanin Shiseido na Japan, Lutens tare da masu haɗi biyu, Pierre Bourdon da Christopher Sheldrake, suka fito da Féminité du Bois. Sunan kansa takala ne, domin ya jingina itace ga mata a zamanin da kasuwa ta riga ta raba: furanni na mata, katako na maza. Sun juya tsarin da aka saba. Itace ya zama jikin turaren tun daga fesawar farko har ya bar riga, aka kewaye shi da kirfa da kanumfari da ƙamshin busassun ƴaƴan itace, irin abin da ke cikin tukwanen girkin Maroko. A wannan shekarar ce kuma aka buɗe wani ɗan shago a Palais-Royal na birnin Paris, inda a lokacin ake sayar da ƴan'uwan wannan turare, irin su Bois de Violette da Bois Oriental, a wurin kaɗai. Wannan shago yana cikin waɗanda suka koya wa kasuwa cewa akwai masu sayen turaren da ba a tallata shi a talabijin.

Akwai abin da labarin guntun katako ba ya faɗa. Babban kaso na abin da ke cikin kwalbar bai taɓa ganin tsaunukan Atlas ba. Wani sinadari ne mai suna Iso E Super, wanda masanan kamfanin IFF na Amurka suka ƙirƙiro a 1973, mai ƙamshin busasshen katako mara nauyi, da ke sa man al'ul ya bazu ya daɗe. Ba na ganin wannan a matsayin yaudara, tun da shi kansa sinadarin daga man itatuwan fir ake sarrafa shi, wanda masana'antun takarda ke fitarwa a matsayin saura. Abin da ya fi cancanta a tuhuma shi ne laƙabin « aikin hannu » da ake liƙa wa irin waɗannan turaruka. Bayan 1992 sun yawaita: Tam Dao na Diptyque a 2003, Hinoki na Comme des Garçons a 2008, wanda ke kwaikwayon sabon katakon bahon wanka na Japan, Santal 33 na Le Labo a 2011. Kusan dukansu daga hannun ƴan manyan kamfanonin sinadarai guda huɗu ko biyar suke samun kayan haɗi. Estée Lauder ta saye Le Labo a 2014, Shiseido kuma ta mallaki sunan Lutens a 2015. Kafintocin da dusarsu ta haifar da tunanin, ba sunan ko ɗaya a jikin kwalba.

Itatuwan ma sun biya nasu kuɗin. Dokar da ta mai da sandal na gwamnati ta hana manomi sha'awar shuka shi, ta kuma buɗe ƙofa ga masu fasa-ƙwauri. Fitaccensu, Veerappan, sai a 2004 aka kashe shi, bayan dazuzzuka sun riga sun raunana. Jihar Karnataka ta sassauta dokar a 2001, amma a lokacin Ostireliya ta riga ta fara noman sandal ɗin Indiya a gonaki. Al'ul na Atlas ya shiga jerin itatuwan da ke cikin haɗarin ƙarewa a 2013, saboda fari da kiwo da sara. A nan ba masu turare ne da laifi ba, don dusa da kututture suke tatsa.

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce a wannan ciniki. Heinrich Barth, da ya isa Kano a 1851 bayan ya ratsa Tasawa, ya lissafa jawul da kanumfari da man wardi cikin hajar da ayarin arewa ke kawowa. Har gobe masu haɗa turaren wuta, waɗanda da yawansu daga matan Barebari da Shuwa suka gaji sana'ar, suna farfasa itace da hannu, su jiƙa shi da mayukan ƙamshi, su soya da sukari, su rufe shi kwanaki ya tsumu. In ana neman masu aikin hannu na gaskiya, to ga su. Hanyarsu dai tsohuwar hanya ce ta garwashi: itace a wurinsu abin ɗaukar ƙamshi ne, ana ciyar da shi turare kafin a ƙona shi. Wani ɓangare na itacen daga Cadi da Sudan yake zuwa. A can, dushe, wanda matan Sudan ke kira talh suna turara jiki da hayaƙinsa kafin aure, shi ne kuma itacen da masu gawayi ke bi, shi ne kuma wanda masu tsintar ƙaro ke so a bar shi a tsaye.