Abin da Tsoro Ke Rubutawa a Ƙwaƙwalwar Yaro

A unguwar Madaki da ke cikin garin Gombe akwai wani yaro ɗan maƙwabcinmu, shekararsa tara a lokacin, wanda na sha zama da shi a dakalin ƙofar gida bayan La'asar yana biya mini lissafin sau. Bakwai sau takwas hamsin da shida, bakwai sau tara sittin da uku, ko numfashi ba ya tsayawa ja. Wata rana ya dawo daga makaranta da shatar bulala a damtse. Malamin ya faro tambaya ne daga layin gaba, duk wanda ya faɗi ya sha biyu, shi kuwa yana can ƙarshen aji yana ƙirga kukan 'yan uwansa. Da aka iso kansa aka ce bakwai sau takwas, sai ya ji kansa fayau kamar allon da aka wanke. "Wallahi Baba na sani," in ji shi, "karatun ne ya gudu." Mahaifinsa ya ce wasa ne ya yi masa yawa. Ni dai na gaskata yaron, kuma abin da masana ƙwaƙwalwa suka gano a kan sinadaran firgici yana bayansa. Tsoro yana koyarwa, babu musu, sai dai darasin da yake dasawa sau da yawa ba shi ne wanda malami ya rubuta a allo ba.

Idan mutum ya firgita, jikinsa kan mayar da martani a zango biyu. Cikin daƙiƙoƙi wasu 'yan tsokoki biyu da ke zaune a saman ƙoda sukan zuba adirenalin a jini, gaba ya faɗi, tafin hannu ya jiƙe, yawu ya ƙafe. Zango na biyu ba ya gaggawa. Ƙwaƙwalwa ce ke aika saƙo, tsokokin nan su saki kotizol, wanda ba ya kai ganiyarsa a jini sai bayan minti ashirin zuwa talatin. Tun a 1936 Hans Selye ya bayyana yadda jiki ke amsa kowace irin wahala da salo kusan iri ɗaya, a 1968 kuma Bruce McEwen na Jami'ar Rockefeller ya nuna cewa irin wannan sinadari yana samun wurin maƙalewa a hifokamfus, wato sashen ƙwaƙwalwa da ke ɗaukar sabon abu ya adana. Daga nan aka gane cewa firgici da hadda a ɗaki ɗaya suke kwana.

Ya kamata a yi wa malamin yaron adalci, domin rabin tunaninsa na cewa tsoro yana koyarwa gaskiya ne. James McGaugh na Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ya shafe shekaru yana nuna cewa adirenalin na ƙarfafa zaman abin da aka koya, ta hanyar amigdala, wani ɗan sashe mai kula da tsoro. A 1994 shi da Larry Cahill da abokan aikinsu suka nuna wa mutane hotuna tare da labari. Wasu aka ba su labari mai sanyi, wasu kuma labarin yaron da ya yi mummunan haɗari. Bayan mako guda, waɗanda suka ji labarin haɗarin sun fi riƙe shi. Amma waɗanda aka shayar da furofiranolol, maganin hawan jini mai toshe aikin adirenalin, ba su sami wannan fifiko ba. Bahaushe ya riga ya lura da haka da ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

To amma a duba karin maganar da kyau. Me wanda aka sara ya riƙe? Macijin ya riƙe, da duk abin da ya yi kama da shi. Ba ya tuna hirar da yake yi lokacin da aka sare shi. Firgici yana ƙuntata hankali a kan tushen barazana, ya bar na gefe a duhu. A aji kuwa barazanar ita ce bulala da fuskar mai riƙe da ita, darasin shi ne na gefe. Shi ya sa za ka tarar da dattijo mai furfura yana iya siffanta maka dorinar malaminsa na aji huɗu har launinta, amma ka tambaye shi darasin da aka dake shi a kansa ya yi shiru.

Adana karatu daban, fito da shi daban, kuma a nan ne kotizol ke yin ɓarna. A 1998 Dominique de Quervain da Benno Roozendaal da McGaugh suka koya wa ɓeraye gano wani ɗan tudu da aka ɓoye a cikin ruwa, sannan suka firgita su da ɗan jan lantarki kafin gwaji. Waɗanda aka firgita saura minti biyu, da waɗanda aka firgita saura awa huɗu, sun tuna hanya. Waɗanda aka firgita saura minti talatin su ne suka ruɗe, daidai lokacin da sinadarin ya cika jini. Ɓera ba ɗan Adam ba ne, amma an maimaita irin gwajin a kan mutane da jerin kalmomi aka ga abu makamancin haka. Duk lokacin da na tuna wannan minti talatin sai in tuna yaron nan a layin baya, yana jiran bulala ta zagayo. Kafin a iso kansa jikinsa ya riga ya kulle ƙofar da amsar ke ciki. Haka kuma ɗalibar da ta kwana tana bita, ta sha tsawa da tsayuwar layi a ƙofar cibiyar jarrabawar JAMB, ta zauna gaban kwamfuta ta rasa abin da ta sani jiya.

Abin da ya fi damuna shi ne tasirin firgici a kan zaɓi, wato abin da yaro zai taso yana so da wanda zai taso yana ƙi. A 2009 Lars Schwabe da Oliver Wolf na Jami'ar Bochum a Jamus suka sa wasu mutane tsoma hannu a ruwan ƙanƙara ana kallonsu ana ɗaukarsu a bidiyo. Daga nan aka koya wa kowa danna alamar da ke kawo madarar cakulan da wadda ke kawo ruwan lemo, sannan aka ƙosar da su da ɗaya daga ciki har ya gundure su. Waɗanda ba a takura ba sun rage neman abin da ya ishe su. Waɗanda aka takura suka ci gaba da dannawa kamar ba su ƙoshi ba. Damuwa ta karɓe ragama daga tunani ta miƙa wa sabo. A 2014 kuma masu bincike a Jami'ar Cambridge suka ɗaga kotizol a jikin wasu masu sa kai har kwana takwas, sai suka koma gudun kasada, suna zaɓen ƙaramar riba tabbatacciya a kan babba mai shakka.

A aji wannan na nufin yaron da ya daina ɗaga hannu, ya daina gwada sabuwar hanyar warware lissafi, ya rungumi haddar da ba ta jawo duka. Bayan shekara shida, ranar da za a raba su ajin kimiyya da na fasaha, sai ya ce shi dama ba ya son lissafi, iyaye su ce haka Allah Ya yi shi. Ina jin zafin wannan magana, domin a kan ɗan maƙwabcinmu na ga ranar da ƙiyayyar ta fara, kuma na san yaron yana son lambobi kafin ranar.

Akwai kuma firgicin da ba daga aji ya fito ba. Mutanen Gombe ba su manta da bam ɗin tashar Dukku na Disamba 2014 ba, ko tagwayen da suka tashi a babbar kasuwa ranar 16 ga Yuli 2015 ana tsakiyar cefanen Sallah. A shekarun nan iyalai da yawa daga Borno da Yobe suka sauka a unguwannin garin da 'ya'yansu. Gwaje-gwajen ɗakin binciken McEwen sun nuna cewa damuwa ta makonni tana tauye rassan ƙwayoyin hifokamfus a ɓeraye, amma rassan kan sake tohowa idan aka sami natsuwa. Yaron da ya zo aji da irin wannan kaya a ƙirji, ƙara masa bulala tamkar zuba fetur ne a garwashi.

Za a ce mini, ai manyan alarammomi da likitoci da injiniyoyinmu a ƙarƙashin bulala suka yi karatu. Haka ne, amma muna ƙirga waɗanda suka kai gaci ne, ba mu ƙirga waɗanda suka jefar da allo ko littafi suka shige kasuwa da tasha ba. Kuma wanda ya san tsangaya ya san cewa ginshiƙin hadda shi ne maimaici: a rubuta, a biya, a wanke, a tashi da asuba a yi tilawa, a koma baya a yi bita. Wannan tsari na maimaitawa da tazara shi ne abin da binciken zamani ma ya tabbatar da ƙarfinsa. Ba kuma cewa nake a bar yara sakaka ba. Tun a 1908 Robert Yerkes da John Dodson suka lura cewa matsi mai ƙarfi na iya taimaka wa aiki mai sauƙi, amma aiki mai wuya matsakaicin matsi yake so. Kunyar malamin da ake ƙauna, da gasa tsakanin sa'o'i irin ta musabaƙa, sun isa su farkar da ƙwaƙwalwa ba tare da sun kulle ta ba.

Yaron Madaki yana aji shida yanzu. Har yau idan muka zauna a dakali yakan ba ni amsar sau kafin in rufe baki, amma kwanan nan da na tambaye shi abin da yake son karantawa a sakandare, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Duk wanda babu lissafi a ciki, Baba."