TARIHIN GANGAR BOKAYEN SAMI DA YADDA AKA RABA SU DA ITA

A wannan fitowa zan kai mu can ƙarshen arewacin Turai, wajen wata ƙabila da ake kira Sami. Suna zaune a ƙasashen Nowe, Suwidin, Finlan da wani yanki na Rasha. Sana'arsu ta gado ita ce su da farauta da kiwon wata irin barewa mai rassan ƙaho, kamar dai yadda Fulani ke kiwon shanu. Tun da wuri in faɗa, ba tallar bokanci nake yi ba, Allah ya tsare mana imaninmu. Tarihi ne.

Kafin Kiristanci ya kafu a cikinsu, suna da bokaye da suke kira nowaidi, kuma babban kayan aikin boka ganga ce mai fuska ɗaya. Iri biyu ce. Mutanen kudu kan tanƙwara siririn katako ya zama kamar bakin rariya. Na arewa kuwa sai su nemi kullutun da ke fitowa a jikin bishiya su sassaƙe shi kamar akushi, su huda gindinsa don wurin riƙo.

Fatar ɗan barewar nan ake sa mata, ɗanya, wadda ba ta ga majemi ba. Duk wanda ya taɓa cinikin ƙirgi ya san dalili: jemammiyar fata laushi gare ta, ba ta amo, amma ɗanya in ta bushe sai ta ɗame tamau. Za a jiƙa ta, a kankare gashin, a shimfiɗa ta a bakin icen tun tana da danshi, a ɗinke da jijiyar dabbar. Sannan a tauna ɓawon wata bishiya ya ba da jan ruwa kamar jini, da shi ake zana rana da mutane da dabbobi da ababen bautarsu a kan fatar. Makaɗin ma da ƙahon barewar ake yin sa. In za a yi duba, sai a ɗan gasa gangar a bakin wuta, a ɗora zoben tagulla a kai ana kaɗawa. Zanen da zoben ya tsaya a kai, shi ne amsa. Wani lokaci bokan kan yi ta kiɗa har ya faɗi kamar matacce, su ce ruhinsa ya tafi neman labari.

To da sarakunan Denmak da Suwidin suka ƙuduri shigar da su coci, gangar aka fara sa wa ido. A 1693 aka ƙone wani mai suna Lars Nilsson a garin Arjeplog na Suwidin saboda ita. Wani fada mai suna Thomas von Westen ya tattara ganguna kusan 100 aka kai Kofanhegan, babban birnin Denmak, inda gobarar 1728 ta cinye kusan 70. A yau tsofaffin gangunan da suka rage a duniya wajen 70 ne kacal, yawancinsu kuma a gidajen tarihin wasu.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na wani tsoho, Anders Poulsen. An gurfanar da shi a garin Vadso na Nowe a watan Fabrairu 1692, lokacin Nowe tana ƙarƙashin sarkin Denmak. Tsohon nan ya ɗauki gangarsa a gaban alƙali ya kaɗa, ya bayyana zanen ɗaya bayan ɗaya, magatakarda na rubutawa. Kafin a yanke hukunci wani ya sare shi da gatari yana tsare. Gangar kuwa aka wuce da ita Kofanhegan.

A 1979 aka kawo ta gidan tarihin Sami da ke Karasjok, amma fa a matsayin aro. Ka ji, kayan kakanka a ba ka aro! Sai da suka yi ta kai kuka har gaban Sarauniya Margrethe, sannan a 2022 aka sakar musu ita, bayan shekara 330.

Abin lura, jama'a, masu sassaƙa gangar a yau sai sun je gidajen tarihi sun auna tsofaffin, kuma takardar kotun da ta tuhumi tsohon nan tana cikin manyan abin da suke dogara da shi wajen gane zanen. Wanda bai adana tarihinsa ba, a bakin wani zai je ya ji shi. Allah ya sa mu dace.