Asalin Wasan Kwaikwayon Zaman Birni a Kaduna

Kaduna gari ne da Turawan mulkin mallaka suka kafa, suka dawo da hedkwatar Arewa cikinsa daga Zungeru a 1917, don haka tun farko yawancin mazaunansa baƙi ne, sojoji da ma'aikatan jirgin ƙasa da malaman ofis da 'yan kasuwa, waɗanda neman abinci ya haɗa su a bariki da gidajen haya. Irin wannan zama na mutanen da ba dangin iya ba na baba, amma suna haɗa famfo da banɗaki, shi ne ya haifar da wasan kwaikwayon da ba ya dogara da jarumi ɗaya, wato wanda ake raba labari tsakanin mutane da yawa, kowa da damuwarsa.

Wannan salo ya samu gindin zama bayan buɗe Gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna a 1962. Alhaji Yusuf Ladan ya tsara wasan Zaman Duniya Iyawa Ne, wanda daga baya aka buga shi littafi, amma wasan da ya fi shiga zukatan jama'a shi ne Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, wanda shi kansa tsohon soja ne. Ƙarfin Samanja, sojan da Pategi ya fito a matsayinsa, yana cikin harshensa, domin Hausar bariki yake yi, gauraye da Turancin buroka, yana muzurai da ba da oda ko a inda oda ba ta aiki, kuma ta bakinsa mai kallo yake ganin rigimar maƙwabta da bashi da ƙarewar albashi kafin ƙarshen wata. Ƙasimu Yero ya bi hanya makamanciyar wannan a Karambana, inda shisshigi cikin al'amuran mutane ya zama jigon wasan.

Da fim ɗin bidiyo ya kunno kai a Kano da Turmin Danya a 1990, kasuwa ta ja masu shirya finafinai zuwa soyayya da waƙa, kuma wannan babban rashi ne, domin talakan birni ya koma ɗan rakiya a labarin da ya kamata ya zama nasa. Sai da tashar Arewa24 ta fara nuna Daɗin Kowa aka sake ganin gari guda a matsayin jarumi.

Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Pategi kuma a 2023, alhali matsalolin da suka yi wasa a kansu suna nan. A Rafin Guza, unguwar da ke arewacin Kaduna kusa da kogi, ambaliya takan shiga gidaje da damina, ga ɗauke wuta, ga sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa. Ya kamata masu shirya finafinai na Kaduna su shiga irin waɗannan unguwanni da kyamarorinsu, gidajen rediyo da talabijin kuma su adana tsofaffin kaset-kaset ɗin Samanja da Karambana.